Ɓoyayyar Gajiya da Hutun da Allah Ya Ke Bayarwa

Wurin karatu: 1 Sarakuna 18:41 zuwa 19:18

Ayar haddacewa: Markus 6:31

Manufar darasi: Mu koyi gane gajiyar da ta ke ɓuya cikin jikinmu da na 'yan'uwanmu, mu kuma karɓi hutu kamar baiwa daga hannun Allah.

Gabatarwa

Kowace safiya mu kan gai da juna mu ce, Ina gajiya? Amsa kuwa a bakin kowa ta ke: Ba gajiya. Manomin da ya wuni yana huɗa haka zai amsa, haka kuma macen da ta kwana tana jinyar yaro. Gaisuwa ce mai kyau, ba mu ce a bar ta ba. Amma mun daɗe muna faɗinta har mun fara gaskata ta, watau muna ɓoye gajiyarmu ga mutane har ta ɓuya gare mu mu ma.

Akwai gajiyar da kowa ya sani, wadda ta kan sa mutum ya nemi tabarma, in gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wata wadda ta ke taruwa kaɗan kaɗan, mako bisa mako, mai ita yana ta kai da kawowa, ana yabonsa ana cewa shi gwarzo ne, alhali kuwa ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Irin wannan ta kan fito da wata kama dabam, kamar fushi, ko tsoro, ko mantuwa, ko sanyin zuciya cikin addu'a. A kan wannan ta biyu za mu yi nazari yau, labarin annabi Iliya kuwa shi ne madubinmu.

1. Yadda gajiya ta taru a kan Iliya

Mu duba abin da jikin wannan bawan Allah ya ɗauka. Shekara 3 da wata 6 ba a yi ruwa a ƙasar Isra'ila ba (Luka 4:25). Cikin yawancin wannan lokaci Iliya yana ɓuya, da fari a bakin rafin Kerit, daga baya a gidan wata gwauruwa a Zarefat, sarki Ahab kuwa yana ta aikawa ana cigiyarsa ƙasa ƙasa. Sa'an nan ranar Dutsen Karmel ta zo. Ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 tun da safe har lokacin hadayar maraice. Ya gyara bagade da duwatsu 12, ya haƙa wuriya kewaye da shi, ya yi addu'a, wuta ta sauko. Bayan wannan ya ce wa Ahab ya tafi ya ci ya sha, amma ba mu karanta cewa shi kansa ya sa wani abu a baki ba. Ƙwanƙolin dutse ya hau, ya sunkuya yana roƙon ruwa, yana aiken baransa har sau 7. Da hadari ya taso, ikon Ubangiji ya sauko masa, ya yi ɗamara ya sheƙa a guje gaban karusar sarki har Yezreyel, tafiyar wajen kilomita 30.

Duk wannan lokaci babu wanda zai dube shi ya ce ya gaji, shi ma bai ji ba. Ikon Allah ya riƙe shi domin aikin ranan nan, amma bai sāke masa jiki ba. Manzo Yakubu ya tuna mana cewa Iliya ɗan adam ne kamarmu (Yakubu 5:17). Likitoci sun bayyana cewa a lokacin hatsari ko babbar hidima jiki ya kan zuba wani ruwa cikin jini, wanda su ke kira adiranalin, shi kan sa zuciya ta ƙara bugawa, mutum ya manta da yunwa da ciwo. Wannan ƙarfin aro ne, in hidima ta wuce sai jiki ya nemi a biya shi. Shi ya sa mutum ya kan kwanta ciwo bayan an gama biki, ko bayan jana'iza, ko bayan an shigar da hatsi rumbu, ko bayan babban taron ekklesiya, ba a tsakiyar aikin ba.

2. Alamun da su ka bayyana

Bayan wannan saƙon Yezebel ya iso, cewa kafin gobe war haka za ta kashe shi. Daga nan mu lura da abin da ya faru, gama ruwa ba ya tsami banza.

Da fari, tsoro ya kama shi fiye da kima. Mutumin da ya tsaya gaban sarki da dukan jama'a a dā, yanzu saƙo ɗaya ya sa shi gudu. Barazanar gaskiya ce, Yezebel ta riga ta kashe annabawa da yawa. Amma a dā Iliya ya kan jira maganar Ubangiji kafin ya ɗaga ƙafa, a wannan karo kuwa ba mu ga ya jira ba. Sa'ad da ƙaramin abu ya fara yi mana nauyi kamar dutse, kukan yaro ko ƙaramar magana ta sa mu daka tsawa, mu tambayi kanmu yaushe rabonmu da barcin kirki.

Na biyu, ya ƙara wa gajiya gajiya. Daga Yezreyel zuwa Biyer-sheba wajen kilomita 150 ne. Biyer-sheba tana ƙasar Yahuda, inda ikon Ahab bai kai ba, duk da haka bai tsaya ba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji. Gajiyayye sau da yawa ba ya iya zama. Ya kan ji kamar in ya tsaya kome zai lalace, in ya kwanta kuma barci ya ƙi zuwa, tunani yana ta kewaya.

Na uku, ya rabu da mutane. Ya bar baransa a Biyer-sheba, watau mutum ɗaya da zai iya ɗebo masa ruwa ya kuma yi masa magana. In mun ga ɗan'uwa mai son zumunci ya fara janye jiki, ya daina zama hira, ya na fita da sauri da an ce Amin, kada mu yi hanzarin cewa girman kai ne ko ja da baya.

Na huɗu, ya raina kansa da aikinsa. Ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itacen jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, yana ganin bai fi kakanninsa da kome ba. Wutar da ta sauko da ruwan da aka yi duk sun fita daga zuciyarsa.

Na biyar, ya manta da abin da ya sani. A Horeb ya yi ta cewa shi kaɗai ya ragu, alhali Obadiya ya riga ya faɗa masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 cikin kogo, hamsin hamsin, yana ciyar da su (1 Sarakuna 18:13). Gajiya ta kan rage hasken tunani, mutum ya ga duhun kaɗai.

Ban da waɗannan, akwai alamun jiki da ya kamata kowane mai bi ya sani, gama jiki magayi ne. Mutum ya tashi da safe da nauyin jiki kamar bai kwanta ba. Ya riƙa gyangyaɗi da zarar ya zauna, ko cikin sujada, ko cikin mota. Ciwon kai da ciwon wuya da na baya su zama abokan zama. Mura da ƙananan cututtuka su riƙa komowa a kai a kai. Abinci ya fita a ransa, ko kuwa ya riƙa ci ba ƙoshi. Ya karanta aya sau 3 bai riƙe kome ba, ya manta inda ya ajiye abu, kayan aiki su riƙa suɓuce masa, ya sare ƙafa da fartanyar da ya shekara 20 yana noma da ita. Ya ga ba ya iya wuni sai da goro ko shayi ko kofi. Waɗannan suna da wani sinadari mai toshe jin barci na 'yan sa'o'i, gajiyar kuwa tana nan tana jira. Mafi muni su ne ƙwayoyi irin su tiramadol, waɗanda wasu samari su ke sha domin su yi noma ko acaɓa ba ji ba gani. Wannan kamar mutum ne ya toshe bakin ɗan aiken da ya zo gaya masa gidansa ya kama wuta.

3. Yadda Allah ya yi da bawansa

Nan ne zuciyar darasinmu. Da mu ne mu ka tarar da Iliya a ƙarƙashin itacen nan, watakila da mun buɗe masa Littafi mun yi masa wa'azi a kan rashin bangaskiya, ko mu ce ya shiga azumi. Allah kuwa ya bar shi ya yi barci tukuna. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, sai ga waina da aka gasa bisa garwashi da butar ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya, ba a hana shi ba. Mala'ikan ya komo karo na biyu ya sāke ciyar da shi, ya kuma faɗa masa a fili cewa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Babu tsautawa ko kaɗan cikin wannan magana. Wanda ya yi mu da turɓaya ya san iyakar turɓaya (Zabura 103:14).

Mu lura da jerin abubuwan. Barci ya fara zuwa, sai abinci da ruwa, sai barci kuma, sai abinci. Bayan kwana 40 a hanya, da ya kai Horeb, sa'an nan Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage dukan abin da ke cikinsa, har sau 2. Iska mai ƙarfi ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, amma da 'yar murya marar ƙarfi Ubangiji ya yi magana da shi. Daga ƙarshe ya gyara masa lissafi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya mai da shi bakin aiki, amma bai mai da shi shi kaɗai ba. Ya raba nauyin ga Hazayel da Yehu da Elisha, Elisha kuwa ya bar garmarsa ya bi shi yana yi masa hidima.

Wannan ya koya mana cewa ba kowane sanyin ruhu ne zunubi ba. Wani lokaci mai bi ya kan zo da kuka ya ce Allah ya yi nisa da shi, addu'a ta ƙi, alhali wata 2 ke nan bai yi barcin kirki ba. A yi addu'a tare da shi, a kuma tambaye shi ko ya ci abinci, da ƙarfe nawa ya ke kwanciya.

4. Sau da yawa wani ne ya ke fara gani

Musa ya kan zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, bai kuwa ga aibin abin ba. Surukinsa Yetro ne ya zo baƙunci, ya duba yini ɗaya, ya gaya masa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka (Fitowa 18:13-26). Musa bai ce, Wa ya aike ka? ba. Ya saurara, ya naɗa shugabanni na dubu dubu, da na ɗari ɗari, da na hamsin hamsin, da na goma goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma Ubangijinmu Yesu. Sa'ad da manzanni su ka komo daga aike suna ba da labari, ba su ne su ka nemi hutu ba. Shi ne ya ga mutane suna ta zuwa suna tafiya har ba su sami zarafin cin abinci ba, ya kira su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta (Markus 6:30-32). Shi kansa ya san gajiya. Ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana domin tafiya ta gajiyar da shi (Yohanna 4:6). Ya yi barci bisa matashi a cikin jirgi, hadari bai tashe shi ba sai da almajirai su ka tashe shi (Markus 4:38). In Ɗan Allah bai ji kunyar barci ba, mu wane ne?

Saboda haka mu buɗe ido a gidajenmu da cikin ekklesiya. Mu dubi matanmu, waɗanda su ke fara tashi su kuma zama na ƙarshen kwanciya, ga gona ga kasuwa ga ɗiban ruwa ga goyo, ga kuma hidimar Zumuntar Mata. Ranar Lahadi da kowa ya ke hutawa, su ne a bakin murhu domin baƙi. Mu dubi pasto da mai bishara, wanda ya ke wa'azi, ya ziyarci marasa lafiya, ya binne matattu, ya sasanta ma'aurata, ya kuma yi noman abin da iyalinsa za su ci. Mu dubi mai jinyar tsoho ko marar lafiya a gida, wanda kowa ya ke tambayarsa jikin mai ciwo, ba mai tambayarsa nasa jikin. Mu dubi ɗalibai a lokacin jarrabawa, da direbobi masu tafiyar dare.

5. Hutu umarni ne

Allah bai bar hutu ga ganin damarmu ba, ya sa shi cikin Dokoki Goma (Fitowa 20:8-11). Ya ce a huta ko a lokacin huɗa da lokacin girbi (Fitowa 34:21), watau daidai lokacin da manomi zai ce ba hali. Ya kuma sa sa da jaki da bara da baƙo cikin wannan hutu (Fitowa 23:12). Maigidan da ya ke hutawa alhali yaran gidansa da 'yar aikinsa ba su da ranar hutu bai cika wannan doka ba. Ko gona ma an umarta a bar ta ta huta a shekara ta 7 (Littafin Firistoci 25:4), abin da kakanninmu su ka sani sarai sa'ad da su ke barin gona ta zama saura domin ta komo da ƙarfinta.

Binciken masana ya yi daidai da wannan. Likitoci sun ce babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fi kowane dare, yara da matasa kuwa fiye da haka. A shekarar 1997 masu bincike a ƙasar Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa su kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya. Mai tuƙi ya riƙe wannan, gama rayukan mutane suna hannunsa. A shekarar 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ba da rahoto cewa a shekarar 2016 mutum wajen 745,000 sun mutu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda aikin sa'a 55 ko fi a mako.

Wani zai ce, Ashe Littafi bai tsauta wa rago ba? Ya tsauta masa ƙwarai (Misalai 6:6-11). Amma rago gudun aiki ya ke yi tun bai fara ba, gajiyayye kuwa ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Dauda ya san bambancin. Da mutanensa 200 cikin 600 su ka kāsa haye rafin Besor don gajiya, waɗansu daga cikin waɗanda su ka je yaƙin su ka ce kada a ba su ganima. Dauda ya ƙi, ya raba daidai, ya mai da wannan ka'ida a Isra'ila (1 Sama'ila 30:9-25).

Wani kuma zai ce, Ba a kira mu mu ba da ranmu domin Kristi ba? An kira mu. Akwai daren da za a kwana a asibiti, akwai ranar da taro zai riga mu zuwa wurin hutu, kamar yadda ya faru da Yesu da almajiransa, tausayi kuwa ya sa a ci gaba da aiki. Abafaroditus ya kusa mutuwa saboda aikin Kristi, Bulus ya ce a girmama irinsa. Amma Bulus ɗin nan da ya ga ya sami sauƙi, gida ya mai da shi wurin 'yan'uwansa a Filibi (Filibiyawa 2:25-30). Sadaukarwa ta ranar bukata dabam ta ke da zaman da mutum ya ke ci da jikinsa kullum domin yana tsammani in ba shi aikin Allah zai tsaya. Wanda ya kwanta ya yi barci yana shaida cewa Mai tsaron Isra'ila ne ba ya gyangyaɗi (Zabura 121:4), shi kuwa mutum ne kawai.

6. Gargaɗi biyu

In mutum ya huta, ya ci, ya yi barci har mako 2 ko 3, gajiya ba ta sake shi ba, sai ya tafi asibiti a auna shi. Ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon sukari, da tarin fuka, da ciwon zuciya duk su kan zo da kasala. In akwai rama, ko tari mai daɗewa, ko haki, ko kumburin ƙafa, ko ciwon ƙirji, kada a jira ko kaɗan. Mace mai ciki ko mai jego da ta ke jin jiri da kasala, a kai ta da wuri. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

In kuma ɗan'uwa ya fara magana irin ta Iliya, yana cewa gara ya mutu, kada mu yi dariya, kada kuma mu tsauta masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A zauna da shi, a saurare shi, a sanar da pasto da wani na kusa cikin iyalinsa, a kai shi wurin likita, gama baƙin ciki mai tsanani ciwo ne da ya ke da magani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne Iliya ya yi tun daga safiyar Karmel har ya kai ƙarƙashin itacen nan?
2. Cikin alamu 5 da mu ka gani a wurinsa, wace ce ta fi saurin bayyana a gidajenmu?
3. Don me Allah ya ciyar da shi ya bar shi ya yi barci kafin ya yi masa tambaya?
4. Wane ne Yetro a gare ka, wanda zai iya ce maka ka gaji ka kuwa saurara?
5. Su wane ne cikin ekklesiyarmu ba su da ranar hutu? Wane aiki za mu iya ɗauke masu?
6. Yaya za mu bambanta rago da gajiyayye ba tare da mun yi wa kowa shari'ar zalunci ba?

Abin yi cikin wannan mako

Kowa ya lura da lokacin kwanciyarsa da na tashinsa har kwana 7, ya zo da lissafin mako mai zuwa. Kowa kuma ya zaɓi mutum ɗaya da ya ga alamar gajiya a jikinsa, ya ɗauke masa aiki ɗaya, ko ɗiban ruwa, ko zaman jinya na dare ɗaya, ko yinin noma. Dattawa su zauna su duba ko pasto da matarsa suna da rana ɗaya a mako da ba mai ƙwanƙwasa masu ƙofa sai da larura.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ka yi jikinmu, ka kuwa san iyakarsa. Ka gafarta mana inda mu ka raina hutun da ka umarta, da inda mu ka ɗora wa waɗansu kayan da ya fi ƙarfinsu. Ka buɗe idanunmu mu ga masu gajiya a cikinmu, ka ba mu hannun taimako kamar yadda ka aiko wa bawanka Iliya abinci da ruwa a jeji. Ka ba mu barci mai daɗi, ka tashe mu da sabon ƙarfi domin aikinka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.